Fitila a Kunne, Gida Ba Kowa

Idan aka ce “Malam” a Fatakwal ko Anacha ko Inugu, kafin a tuna mai allo da tawada, mai buɗe get ake fara tunawa. Mun so ko ba mu so ba, haka abin yake. A cikinmu akwai ’yan canji a titin Owerri na Inugu, akwai dillalan shanu a Garki da Ugwuoba, akwai masu sauke albasa tirela-tirela a Anacha, akwai likitoci da lauyoyin da a nan aka yanke musu cibiya. Magajin garin Inugu na farko ma, Malam Umaru Altine, namu ne, tun a shekarun 1950. Duk da haka sana’ar da ta fi bin sunanmu ita ce gadi. Kalmar “mai gadi” ta shiga bakin masu masaukinmu yadda take, ba su ma wahalar da kansu wajen fassara ta ba.

Shi ya sa maganar na’urorin tsaron gida ta shafe mu fiye da kowa a ƙasar nan. Yau kyamara mai sola da layin waya ta cika kasuwa. Yaranmu ne ke hawa tsani suna ɗaura ta, iyayenmu kuma su ne ake sallama daga bakin get bayan an ɗaura. Gida ɗaya, ɗa ya samu aiki, uba ya rasa. Kafin mu rabu gida biyu a kan wannan, ya kamata mu san daga ina abin ya taso, da abin da masu ƙirƙirarsa suka nufa da shi tun farko.

Mu fara da lissafa aikin mai gadi, domin mai gida kansa bai cika lissafawa ba. Magariba ta yi, ya kunna fitilun waje. Gari ya waye, ya kashe. An ɗauke wuta, ya tada inji, ya juya makunni. An kawo, ya mayar. Tanki ya yi ƙasa, ya kunna famfo, ya tsaya har ya cika kada ruwa ya malale. Ya san ƙarar motar mai gida tun daga kwana, ya san wanda za a buɗe wa da wanda za a ce masa ba ya nan. Idan iyalin sun tafi ƙauye hutun Kirsimeti, shi ne zai ɗaga labule da safe, ya kunna rediyo, ya share ƙofar gida, don mai wucewa ya ɗauka akwai mutane. Duk waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, su ne ayyukan da Turawa suka shafe kusan shekara 60 suna koya wa na’ura.

Yadda gadi ya zama namu kuwa ba ɓoyayye ba ne. An gano kwal a Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal don fitar da shi, jirgin ƙasa ya haɗa garuruwan biyu a 1916, daga baya layin ya miƙe zuwa Arewa. Kakanninmu suka biyo shi da shanu da fatauci. Tsofaffin sojan da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu ’yan Arewa, suka zama masu tsaron kantuna da gidajen Turawa. Rikicin 1966 da yaƙin basasa suka watsa zangunanmu, bayan 1970 muka dawo muka tarar da ƙasa cike da bindiga. Fashi ya yi ƙamari har gwamnatin soja ta kafa dokar harbe ’yan fashi a 1970. Farin 1973 ya koro ’yan’uwanmu Buzaye daga Nijar da Mali, su ma suka zauna bakin get da takobi da butar shayi. Katanga ta ƙara tsawo, aka jera fasassun kwalabe a kanta, aka sa wa tagogi ƙarfe, aka nemo Malam.

A daidai waɗannan shekarun, wasu mutane a wata duniya suna fama da irin damuwar, amma ɗan’adam ya yi musu tsada. A 1966 wani injiniyan kamfanin Westinghouse mai suna Jim Sutherland, a birnin Pittsburgh na Amurka, ya harhaɗa kwamfuta a ɗakin ƙasa na gidansa, ya kira ta ECHO IV. Manyan akwatuna ne masu nauyin kusan kilo 360. Tana daidaita ɗumin gida, tana kula da agoguna, tana riƙe lissafin gida. Guda ɗaya ce tak, ba a taɓa sayar da irinta ba, yanzu tana gidan tarihin kwamfuta a Kalifoniya.

Abin da ya shiga gidajen talakawansu ya zo ne a 1975, daga wani ƙaramin kamfani mai suna Pico Electronics a garin Glenrothes na yankin Sikotlan. Aikinsu na goma ne, sai suka raɗa masa X10. A 1978 ya fara shiga kantunan Amurka irin su Sears da RadioShack. Dabarar tana da ban sha’awa, kuma duk mai gyaran wuta a cikinmu zai gane ta. Ba a fasa bango, ba a jan sabuwar waya. Saƙon yana bin wayar wutar da ke gidan ne. Wutar lantarki ba miƙe take tafiya kamar ruwan famfo ba, kai-komo take yi, sau 60 a sakan ɗaya a Amurka, sau 50 a nan. Duk sanda za ta juya, akwai ɗan ƙiftawar da ƙarfinta ke sauka sifili. A wannan gurbin na’urar ke cusa wani ɗan siririn fito na tsawon kashi ɗaya cikin dubu na sakan. An yi fito, ɗaya ke nan. Ba a yi ba, sifili. Kamar maroƙi ne da ke jiran kalangu ya numfasa ya jefa kalmarsa.

Kowace fitila ko fanka ana haɗa ta da ɗan akwati mai girman sabulun wanki, a soka a soket. A jikinsa akwai ’yan ƙafafu biyu da ake murɗawa da sukundireba: ɗaya mai baƙaƙe 16, daga A zuwa P, shi ne sunan gida, ɗaya mai lambobi 1 zuwa 16, shi ne sunan fitila. Jimla adireshi 256. Umarnin ba su da yawa: kunna, kashe, rage haske, ƙara haske, kunna duk fitilu, kashe komai. Mutum yana kwance a gado ya danna maɓalli, kafin sakan ɗaya ya cika fitilar tsakar gida ta kama.

Sai kwamfutocin gida suka iso. Apple II ta fito a 1977, Commodore 64 a 1982. Ita wannan ta biyun, allon madannai ne kawai mai kauri, a haɗa shi da talabijin, manhaja kuma a ɗora ta daga kaset ko faifai. Ƙwaƙwalwarta kilobayit 64 ce. Hoto ɗaya na wayar da ke aljihunka ya ninka haka sau goma-goma. A tsakiyar shekarun 1980 aka fito da wani akwati mai lamba CP290, ana sayar da shi da sunan Powerhouse, tare da manhajar da ke aiki a kan Commodore da Apple da IBM. Manhajar tana zana maka ɗakunan gida a fuskar talabijin, ka ɗauko hoton fitila ka ajiye a falo, ka ce ta kama ƙarfe 7, ta mutu ƙarfe 11. Akwatin yana riƙe umarni har 128, yana da ɗan batir mai bolt 9 don kada ya manta idan wuta ta yanke. Kana gama tsara shi sai ka cire kwamfutar, yara su ci gaba da wasansu, shi kuma ya ci gaba da gadi.

Ga inda abin ya ba mu dariya da tausayi tare. A cikin manhajar akwai zaɓin da suka kira na tsaro. Idan ka zaɓe shi, fitilar ba za ta kama a daidai minti guda kullum ba. Yau ta ɗan yi sammako, gobe ta ɗan makara. Dalili? Ɓarawon da ya kwana uku yana leƙen gida zai gane cewa babu ɗan’adam da ke kunna fitila ƙarfe 7 cif kullum. Sai aka koya wa na’ura makara da shiririta irin tamu don a yarda mutum ce. Wato babbar hikimar tsaron gida ta wancan zamani ita ce gidan da babu kowa ya yi kama da gidan da akwai wani. Abin da Baba mai gadi ke yi da labule da rediyo ke nan, sai dai shi da gaske yana nan.

Masu ƙaramin ƙarfi a cikinsu ba su ma sayi akwatin ba. Mujallun kwamfuta na lokacin sukan buga manhaja layi-layi, mutum ya zauna ya kwafe ta da hannu a harshen BASIC. A manna ɗan maganaɗisu a jikin ƙofa, a ja siririyar waya zuwa bayan kwamfuta. Ƙofa na buɗewa, kwamfuta ta fashe da jiniya ta lasifikar talabijin. Matsalar ita ce dole a bar ta a kunne dare da rana, kuma wuta na ƙiftawa ta manta komai, sai an sake ɗora kaset an jira mintoci.

To, a nan ne kowa a cikinmu ya riga ya san dalilin da ya sa abin bai zo mana ba. Ba kuɗi kaɗai ba ne, ko da yake kuɗin ma ba wasa ba: Commodore 64 ta fito a kan dala 595, kusan naira 400 a canjin gwamnati na lokacin, alhali mafi ƙarancin albashi naira 125 ne. Fiye da albashin wata uku, ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan ba. Daga 1986 kuma naira ta fara gangarowa. Amma ko an ba mu kyauta, na’urar an gina ta ne a kan alkawarin cewa wuta ba ta yankewa. Kayan Amurka na bolt 120 ne, namu ya haura 200. Agogunansu na lantarki da yawa da kai-komon wuta suke ƙirga lokaci, idan ka kawo su nan sai su riƙa ja baya minti 10 a kowace awa, awa 4 a yini. Ga inji, ga ƙarancin wuta, ga wayoyin da aka yi wa ɗaurin gwarmai. Sannan ga babbar magana: a can gidan da ke da haske shi ne mai mutane. A nan, daren da unguwa ta yi duhu, gidan da ke da haske shi ne mai inji, mai inji kuwa shi ne mai abin ɗauka.

Wasunmu sun ga waɗannan kaya da idonsu, amma bayan sun mutu. Kwantenar gwanjo daga Amurka takan zo da tarkacen gidan da aka kwashe gaba ɗaya, abin da bai saidu ba ya gangaro wurin ’yan gwangwan, su kuwa yaranmu ne. A wata fantekar da ke kusa da gada a Anacha aka taɓa buɗe kwali aka tarar da tsohuwar Commodore da ’yan akwatunan nan launin ƙasa-ƙasa guda shida da wani mai maɓallai. Har an kai su sikeli, sai wani yaronmu da ya karanta lantarki ya ce a dakata. Kwamfutar dai ta ƙi tashi. Amma ya samo na’urar rage ƙarfin wuta, ya soka akwati ɗaya da ƙwai a gefe, ya soka mai maɓallan a ɗaya gefen, ya danna. Ƙwan ya kama. Ya sake dannawa, ya mutu. Muka yi ta salati kamar ba mu ne masu waya mai Facebook a aljihu ba.

Wani dattijo da ya yi shekara 30 yana gadi yana zaune kan benci yana kallo. Ya ce, “Ɗan nan, zo. Idan ta ce fitila ta kama, alhali ƙwan ya mutu, wa zai gaya mata?”

Yaron ya yi dariya ya ce, “Baba, ai kun gano lagonta. Ba ta sani ba. Umarni kawai take bayarwa, ba a ba ta amsa.”

“To idan maƙwabci ma ya sayi irinta fa?”

“Idan a taransifoma ɗaya kuke, kuma ku duka kun bar ta a kan A yadda ta zo daga kanti, yana iya kashe muku fitila daga ɗakinsa.”

Dattijon ya gyara zama ya ce, “Ashe dai sabon mai gadi ce. Ba ta san mai gida ba, kowa ya yi tsawa ta buɗe.”

Gaskiya ya faɗa, kuma duka biyun haka suke a X10 na farko: saƙo hanya ɗaya yake bi, kuma babu kalmar sirri. Mu riƙe waɗannan biyun, za su yi mana amfani.

Abin da ya hana na’ura zuwa a da, yanzu ya kau. Wayar salula ta shigo a 2001. Sola da batir sun yi sauƙi. Kyamarar yau ba ta jiran wutar gari, ba ta buƙatar kwamfuta, tana gani cikin duhu, tana aiko hoto Kano ko Sakkwato ko Maraɗi. Ko a zangunanmu, tankin masallaci yana da ɗan abin da ke kashe famfo idan ya cika, fitilar layi tana kama kanta da magariba, masu Keke da babur suna sa na’urar bin sawu. Mu kuwa mun fi kowa bukatar ido biyu, domin mutane ne masu gida biyu. Mun tafi Sallah, shago a nan ba kowa. Mun dawo, gida a can sai mata da yara. Tun watan Agusta na 2021 da aka fara zaman gida na ranar Litinin, an yi ta samun ranakun da kasuwannin Anacha da Inugu ke wuni a rufe, mai kaya yana ɗaki zuciyarsa tana shago. Wanda ya ce mu ƙi kyamara bai taɓa barin jarinsa bayan kwaɗo ɗaya ya hau motar awa 15 ba.

Kuma ta yi mana rana. Kowa ya san idan aka yi sata a gida ko ma’aikata, mai gadi ake fara kamawa. Ba ya jin Turanci sosai, ba shi da lauya, danginsa suna nesa. Sau nawa muka yi karo-karo a masallaci don belin bawan Allah da bai ci nanin ba? A Fatakwal an rufe wani namu kwana huɗu kan injin da ya ɓace a gidan da yake tsaro. Abin da ya fito da shi kyamarar gidan da ke kallon nasu ce: ta nuna ɗan mai gidan da abokansa suna loda injin a mota da rana tsaka, lokacin da aka aiki Malam sayen man fetur. Da a shekarun baya ne, da rantsuwarsa kaɗai zai dogara, ita kuwa ba a karɓarta a kanta. Wannan kyamarar shaida ce da ba ta duba ƙabila.

Ga kuma ɗaya fuskar. Wani Alhaji a layin ’yan hatsi ya sa kyamara huɗu, ya daina ba da kuɗin gadin layi, wasu suka bi shi, har aka sallami tsohon da ke kwana a wurin. Yana Kano hutun Babbar Sallah, wajen ƙarfe 2 na dare waya ta yi ƙara. Ya buɗe, ya ga mutum uku suna yanka kwaɗonsa, fuska a rufe. Ya ce wallahi tun yana yaro bai taɓa jin rashin ƙarfi irin na daren ba: yana kallo tar, buhu na fita, shi kuma yana zaune bakin gado da waya a hannu. Ya kira lambobi shida, biyu a kashe, sauran barci. Ya yi ta ihu ta lasifikar kyamara, ɗaya daga cikinsu ya ɗago ya ɗaga masa hannu. Shekara 40 bayan CP290, na’ura ta koyi ba da amsa, ta samu ido da murya, amma har yanzu ba ta da ƙafa, ba ta da usur ɗin da zai tashi layi, kuma ba wanda ke jin kunyarta.

Ciwon barin na’ura a kan A shi ma bai warke ba. Kyamarori da yawa suna zuwa da kalmar sirri ta kanti, mai ɗaurawa ya bar ta haka, ko ya sa wadda shi kaɗai ya sani ya tafi da ita a wayarsa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da makamantansu a duniya ta wannan ƙofar kawai, ta gwada kalmomin kanti ta shige. Mu ba sai mun je nesa ba. Yaron da ya ɗaura maka yana iya ganin lokacin da kake rufe shago da inda kake ajiye jaka. Da ɗan gari akan ci gari. Sannan mu mutane ne masu zaman gidan haya, ɗaki goma tsakar gida ɗaya. Kyamarar da ka sa don babur ɗinka, idan ta kalli hanyar banɗaki ko madafar matan mutane, ka tsare ƙarfe ka keta mutunci. An riga an fara jin irin wannan ƙarar a gaban shugabanninmu.

Akwai kuma irin daren da babu na’urar da aka ƙera dominsa. Waɗanda suke Anacha a watan Fabrairu na 2006 ba sa bukatar a tuna musu. An kashe mutane a Maiduguri, gawarwaki suka iso, fushi ya faɗa kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. An rasa rayuka da dama, an ƙona masallatai da rumfuna, jama’armu suka cika barikin soja, wasu suka tsallaka gada zuwa Asaba da kayan jikinsu. Ka tambayi duk wanda ya tsira yadda aka yi. Ba za ka ji sunan kwaɗo ko katanga ba. Za ka ji mai gidan haya da ya tsaya a ƙofa ya ce babu kowa a ciki. Za ka ji matar da ke sayen tumatir a wurinmu ta turo ɗanta tun da asuba ya ce kada a fito. Za ka ji mai gidan da ya sa mai gadinsa a bayan mota ya rufe shi da tabarma ya kai shi bariki. A ranar, gidan da akwai mutane ne aka mayar kamar babu kowa, kuma mutum ne ya yi wannan ƙaryar don ceton rai. Irin wannan tsaron shekaru ake yi ana tara shi, da gaisuwa da bashi da zuwa jana’iza, kuma mai gadi da mai shayi da mai yankan farce su ne suka fi tara mana shi, don su ne suka san kowa a layi.

Saboda haka ga abin da muke gani, kuma muna roƙon Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai na garuruwan uku su duba.

Na farko, duk layin da zai sa kyamara, kada ya cire mai gadi. A ba shi waya, a haɗa masa hoton, a koya masa. Dattijon da ya iya karɓar kuɗi ta waya zai iya duba kyamara. Mutum ɗaya mai ido huɗu ya fi ido huɗu marasa mutum, kuma ya fi mutum ɗaya mai tocila.

Na biyu, yaranmu masu ɗaurawa su kafa wa kansu ƙa’ida: mai kaya ne zai sa kalmar sirri da hannunsa, mai ɗaurawa ya goge ta daga wayarsa a gaban shaida. Wanda ya ƙi, a daina ba shi aiki.

Na uku, a gidan haya kada a ɗaura kyamara sai an kira mazauna, maza da mata, an nuna musu abin da take gani.

Na huɗu, kowane layi ya rubuta lambobin mutum biyar da za su ɗaga waya cikin dare, kuma biyu a ciki su zama ’yan gari, ba namu ba. Idan babu ɗan garin da zai tashi dominmu ƙarfe 2 na dare, to wannan ne aikin da ke gabanmu, kafin sayen kowace na’ura.

Na biyar, a buɗe rajistar masu gadi a fadar Sarkin Hausawa: suna, garin asali, gidan da yake aiki, da wanda ya tsaya masa. Idan an kama shi a san inda za a nufa, idan an sallame shi bayan shekara 20 a samu mai zuwa ya nema masa haƙƙinsa, kada a miƙa masa kuɗin mota kawai a rufe get ɗin da ya yi rabin rayuwarsa yana buɗewa.

Gadi ba gadon da muke so mu bar wa ’ya’yanmu ba ne. Muna so su zama masu ƙera na’urar da rubuta manhajarta, kuma in Allah ya so za su zama. Amma waɗanda ke bakin get yau da kuɗin gadi aka biya wa da yawanmu makaranta. Kada canjin ya zo ta kansu muna kallo.

Allah ya tsare mu da masu masaukinmu, ya kare dukiyar kowa, ya ba mu zaman lafiya a inda muke da inda muka fito. Amin.